Hawayen Mai Littafi

Shagon ɗan siriri ne, an matse shi tsakanin shagon tela da kemis, irin wanda in mutum biyu suka haɗu a tsakiyarsa sai ɗaya ya karkace kafin ɗaya ya wuce. Kantocin katako ne tun daga ƙasa har rufi. Mai Littafi ne ya buga su da hannunsa tun yana saurayi, shi ya sa babu wadda ta miƙe sosai. In aka yi masa maganar sai ya ce ai littafi ba ruwa ba ne, ba zai zube ba. Akwai tsani mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da fanka mai kuka, da wata kyanwa da ba ta da ubangida amma ta mai da ɓangaren tarihi gadonta.

A bakin ƙofa akwai baƙin allo. Kullum da safe, tun kafin ya yi shara, zai ɗauki alli ya rubuta labaran shago. "An kawo sababbin littattafan yara. Wanda ya manta lema ya zo ya ɗauka, mun gama amfani da ita." Wata rana kuma: "Kyanwa ta sauka lafiya a bayan tarihin duniya. Ban da surutu a wannan ɓangaren." Mutanen layin da ko jarida ba su taɓa saye ba sukan rage tafiya su karanta, su yi dariya, su wuce. Tela, abokinsa na tun ƙuruciya, kan leƙo ya ce, "Kai dai da dariya ake biyan haya, da tuni ka saye layin nan."

Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya gare shi, tana koyar da lissafi a sakandare. Kowa Malama yake ce mata in ban da shi, don sunan mahaifiyarsa ya sa mata, Mamana yake kiranta. Mijinta kuwa tun ranar aure Mai Littafi ya laƙaba masa Ango ya ƙi sauke masa, har yara suka zo suka shiga makaranta yana nan a Ango. Mutum ne mai fara'a da zaƙin baki. Ya taɓa sayar da kayan waya, ya taɓa kiwon kaji, ya taɓa dillancin motoci, kowace sana'a kuma ta rabu da shi ba tare da an yi faɗa ba.

Ciwon ya zo wa Mai Littafi da hantsi, yana miƙa wa wata mata littafi. Littafin ya suɓuce, ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba. Shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama da ƙafar dama sun tafi, baki ya karkace, mutumin da ke iya riƙe baƙo da hira har ya manta abin da ya kawo shi ya koma ba ya iya fitar da komai sai "to" da "a'a" da "Mamana". Likita ya ja Malama da mijinta gefe ya ce, "Yana jin komai, yana gane komai. Kada ku riƙa magana a kansa kamar ba ya wurin."

A ba Ango haƙƙinsa. Da suka dawo da tsohon gidansu, shi ke masa wanka, shi ke masa aski, shi ke cicciɓarsa daga gado ya ɗora a keken guragu, ya kai shi banɗaki ya jira a bakin ƙofa. Malama ba za ta iya ɗaga shi ba, kuma ba zai yarda ta gan shi a haka ba. Da yake tana fita makaranta da sassafe, kuma ba a barin mara lafiya shi kaɗai, sai Ango ya karɓi makullin shago, ya riƙa tura surukinsa can kullum ya ajiye shi kusa da teburin ciniki.

Amma Ango bai san littafi ba. In aka tambaye shi wani abu sai ya ce, "Duba can ciki, ba za a rasa ba." Waɗanda da hirar tsohon ke kawo su suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka tsaya a kansa suna ɗaga murya kamar kurma ne, suka ji nauyin abin, suka ɗauke ƙafa. Aka dakatar da gashin ƙashin da ake masa a asibiti saboda babu hali. Ruwan sama ya wanke allon, ba wanda ya sake rubuta komai.

Ƙarshe Ango da Malama suka yanke shawara a tsakaninsu za a rufe. Ba su gaya wa tsohon ba, suna jiran ranar da za su iya. Wani mai shagon kwanuka ya ce yana son kantocin, a turo masa bidiyonsu ya gani. Ango ya ɗaga waya yana bin bango da ita, Tela ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Me ake ɗauka?"

"Wani ke son katakon," in ji Ango, hankalinsa na kan waya. "In mun kwashe kaya zai zo ya ɓalle."

Sai da maganar ta fita ya tuna wa ke bayansa. Mai Littafi ya miƙa hannun hagu ya kama bakin kanta, ya ja kekensa da ƙarfin da ba wanda ya san yana da shi, ya jingina goshi da bayan littattafan. Kuka ya zo masa irin wanda baki karkatacce ba ya iya tarewa, mai sauti, hawaye da miyau suna sauka kan rigarsa. Ango ya juyo. Ba da niyya ya fara ba, hannunsa ne dai bai sauka ba.

Da yamma ya ɗora bidiyon a shafin da ya buɗe wa shagon a intanet, wanda ba kowa a kai sai 'yan uwa. Ya rubuta a ƙasa: "Baba yana bankwana da shagon da ya gina da hannunsa." Kafin ƙarshen mako layin ya cika.

Ɗalibai suka zo, mata masu manyan motoci suka zo, wani mutum ya taso daga gari mai nisa ya sayi ƙamus na harshen da bai ji ko kalma ɗaya a ciki ba. Littattafan da suka yi shekaru suna shan ƙura suka fita. Kowa sai ya durƙusa gefen keken an ɗauke shi hoto. Mai kemis ya sayo firij ya fara sayar da ruwan sanyi. Mai Littafi bai san da bidiyon ba. Abin da ya gani shi ne shagonsa ya cika, kuma an daina maganar ɓalle katako. Ya riƙa nuna wa mutane kantoci da hannun hagu, rabin fuskarsa na murmushi. Aka koma gashin ƙashi, har babban yatsansa na dama ya fara motsi. Malama ta kalli bidiyon sau ɗaya, ta ji kamar an tuɓe ubanta a kasuwa, amma ta ga yatsan na motsi, ta haɗiye.

Yanzu Ango ne ke ba da labaran shago, a waya. Baba ya sha shayi da kansa. Baba ya yi wa wata yarinya kyautar littafi. Baba yana dariya da kyanwa. Mutane suka kalla da farko, sannan suka rage, sannan suka koma kallon wani abin. Duniya ta riga ta ga hawayensa, ba ta da buƙatar haƙoransa. Layin ya koma yadda yake, ruwan mai kemis ya yi ta sanyi ba mai saye.

Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi, rufi ya yi yoyo, ya jiƙa kwalin tsofaffin littattafai da Mai Littafi ya daɗe yana ɓoyo. Da Ango ya ɗago su suna ɗiga, shafuka sun manne, tsohon ya fashe da kuka. Wannan karon Ango ya san abin da hannunsa yake yi. Washegari mutane suka dawo, har da masu kawo kwanon rufi kyauta.

Rufi ba ya yoyo kullum. Ango ya fahimci ba sai ya jira ruwa ba.

Malama ta gane ne wata rana da aka tashi makaranta da wuri. Ta biyo ta shago, ta tarar an turo ƙofa rabi, ba kowa a ciki sai su biyu. Ango na tsugune gaban keken, muryarsa ƙasa-ƙasa, mai taushi.

"Baba, mai gidan ya sake zuwa. Ya ce ƙarshen wata mu fita. Na roƙe shi har da durƙuso, ya ƙi. Ya ce in ba mu kwashe ba yaransa za su watsa littattafan a titi."

Mai gidan da suke haya mutumin kirki ne, ko a makon nan ya aiko a gaishe da tsohon. Malama ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya faɗa kan wayar, an soke ta tsakanin littattafai biyu, kyamararta na kallon keken. Tsohon ya fara kuka. Ango ya bari ya yi nisa, sannan ya ciro hankici ya share masa fuska a hankali, ya dafa kafaɗarsa, ya karkata yadda fuskokinsu biyu za su shiga. Da ya ga ya isa, ya tashi ya zare wayar, ya duba, ya gyaɗa kai. Ya zuba wa surukinsa shayi, ya hura, ya kai masa baki.

Ba ta shiga ba. Ta faɗa shagon Tela.

"Baba Tela, ka san abin da ake yi a nan?"

Tela bai ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. "Katanga ce kawai tsakaninmu, 'yata. Me zan ce ban ji ba?"

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Na yi masa magana. Ya ce in bari, maganar gida ce." Ya ja zare ya yanke da haƙori. "Kuma ai maganar gidan ce."

A bayansa, jere a kan igiya, jakunkunan yadi ne sababbi, kowace an buga mata fuskar ubanta ya jingina goshi da kantar littattafai. Ango ne ya ba shi ɗinkin, ana sa wa masu saye littattafansu a ciki. Tela ya ga inda take kallo, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keke.

Da yamma, yara na waje suna wasa, ta tare mijinta a kicin.

"Abban yara, ka daina. Na gani da idona."

Bai yi musu ba. Ya jingina da ƙofa ya ce, "Kukan ɗan lokaci ne, ya wuce. Yaro ma yana kuka in za a yi masa allura."

"Ba yaro ba ne. Ubana ne. Yana kwana da abin a ransa."

"Ubanki ne, na ji. Wa ya yi masa wanka yau? Wa ya wanke zanin gadonsa jiya?" Bai ɗaga murya ba. "Yatsan nan da kike murna ya motsa, addu'arki ce kaɗai ta motsa shi? In kina da wata hanya, bisimilla. Ajiye alli ki zo ki zauna a shagon, ni ma in huta."

Ba ta da wata hanya. Amma da ta kai wa tsohon abinci ɗakinsa, ta zauna bakin gado, ta riƙe hannunsa mai lafiya ta gaya masa komai: babu wanda zai kore su, mai gidan bai ce komai ba, akwai waya a tsakanin littattafai, kuma mutanen da ke cika shagon kukansa suke zuwa saye. Ta yi zaton sauƙi take ba shi. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zare hannunsa ya ce, "To."

Daga ranar Mai Littafi bai sake kuka a shago ba.

Ango ya kawo maganar mai gida, tsohon ya zagaya kantocin da ido har ya gano inda wayar take, ya zuba mata ido, ya yi hamma. Ango ya ce hukuma za ta rushe layin, tsohon ya ce, "To." Ango ya gane an gaya masa, ya kuma san wa ya gaya masa. Tunda ƙarya ta daina aiki, sai ya koma gaskiya. Ya sayar da tsanin a gabansa. Ya ɗauki kujerar da marigayiya matar tsohon ke zama a kai in ta kawo masa abinci, ya ba mai kwasar shara. Wata safiya ya sa kyanwar a buhu, tana ihu tana yaƙushi, ya ba wani mai babur ya ce ya kai ta inda ba za ta gane hanya ba. Haɓar tsohon ta yi rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ƙanƙame hannun keken. Ya ɗaga kai yana kallon fanka. Ko ɗigo bai sauka ba.

Ciniki ya sake mutuwa. Gashin ƙashi ya tsaya, yatsan ya koma ya kwanta. Ango bai taɓa dukansa ba, bai taɓa zaginsa ba. Jinkiri kawai ya fara. Aski ya koma sai an ga dama. In tsohon ya buga hannu yana neman banɗaki, sai Ango ya ce, "Ina zuwa, Baba," ya ci gaba da danna waya. Yakan juya keken ya fuskanci bango ya ce hasken ƙofa na damun idonsa. Malama ta fara jin wari a kayansa, ta ga gyambo na tasowa a ƙugunsa. Wata safiya ta ce ita za ta ɗaga shi. Ta sa hannu a hammatarsa ta ja, ƙafarta ta zame, suka zube tare tsakanin gado da keke, rigarsa ta yaye. Yana ƙasa yana ƙoƙarin rufe jikinsa da hannu ɗaya, yana cewa, "A'a, a'a." Ango ya shigo, ya tsaya ya ɗan kalle su, sannan ya ɗauke tsohon cak kamar ba komai.

A wannan halin ne wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan shagunan littattafai ta aiko. Sun ga tsofaffin bidiyon. Za su zo da gidan talabijin a karrama tsohon a ƙofar shagonsa, in abin ya yi kyau za su ɗauki nauyin haya da jinya. Mai shirya shirin, wata budurwa mai saurin magana, ta gaya wa Ango a waya, "Abin da muka gani ɗin nan muke so. Mutane su ji shi a ransu."

Ranar taron aka yi wa Mai Littafi wanka da aski, aka sa masa farar riga, aka fesa turare. Aka jera kujeru a titi, aka tare rabin hanya. Tela ya sa babbar riga ya zauna a gaba. Shugabar ƙungiyar ta yi jawabi a kan karatu da al'umma. Wani tsohon ɗalibi ya ba da labarin yadda Mai Littafi ke barinsa ya karanta kyauta a ƙasan kanta. Yara suka miƙa fure. Mai kyamara ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar tsohon.

Tsohon yana zaune kamar an sassaƙa shi. Bai kalli furen ba, bai kalli shugabar ba. Wata mata a baya ta ce wa ta kusa da ita, "Anya yana gane mutane kuwa?" Shugabar ta duba agogo. Mai shirya shirin ta ce a ɗan huta a sha ruwa, ta ja Ango gefe ta yi masa raɗa, hannunta na nuna motarsu.

Ango ya samu Malama a cikin shago, tsakanin kantoci.

"Za su tafi. Ta ce ba abin da za su nuna." Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. "Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Ni ba ya jin maganata yanzu. In suka tafi, wallahi na ajiye makulli, na ajiye soso. Ki nemo mai ɗaga shi."

Ta fita. Ta durƙusa gaban keken, ta ba jama'a baya. Daga inda mai kyamara yake, ba abin da ake gani sai 'ya tana gyara wa ubanta wuyan riga tana masa magana a kunne. Mai shirya shirin ta taɓa mai kyamarar ta ce ya kunna.

"Baba," in ji Malama, "ka taimake ni. Sau ɗaya tak. Daga yau ba za a sake ba."

Ya dube ta. "A'a." Tun da ya kwanta ciwo kalma ba ta fita bakinsa tas kamar wannan ba.

"Saboda jinyarka ne. Saboda yara."

"A'a."

Ta ji idanun mutane a bayanta, ta ji rana a ƙeyarta, ta tuna nauyinsa a kanta ranar da suka faɗi. Ta nemi abin da za ta faɗa, ta ɗauki na farkon da ya zo.

"To ka ji. Na gaji, Baba. Na gaji da warin ɗakinka, na gaji da roƙon mijina ya wanke ka. Kai kana da taurin kai, mu muke biya." Ta matso da bakinta. "Ranar da ka faɗi a shago, ina cikin mota ina roƙon Allah ya bar mini kai. Yanzu ba shi nake roƙo ba."

Da ta fara, dabara ce. Kafin ta kai ƙarshe ta ji muryarta ba ta rawa ko kaɗan, maganar na fita sumul kamar wadda aka daɗe da shiryawa aka ajiye.

Tsohon ya binciki fuskarta. Ita ce ta taɓa zuwa ta gaya masa gaskiya lokacin da kowa ke masa ƙarya, don haka ya jira ta ƙifta masa ido, ko ta matse masa hannu, wata alama dai. Ta san abin da yake nema. Ta riƙe fuskarta yadda take riƙe ta a gaban aji.

Leɓensa na ƙasa ya saki. Ya ce, "Mamana," sannan sauran ya ɓalle. Bai taɓa kuka irin wannan ba, ko a bidiyon farko. Kafaɗarsa mai lafiya na tsalle, sautin na fita kamar ana jan ƙarfe a ƙasa. Malama ta matsa gefe don kyamara ta samu hanya. Ba wanda ya ce ta matsa.

Aka fara tafi daga baya, ya bazu har gaba. Shugabar ƙungiyar ta cire tabarau tana share ido. Tsohon ɗalibin ya rufe fuska. Ango ya iso da hankicinsa. Mai shirya shirin ta kama hannun Malama ta ce, "Me kika gaya masa haka? Wallahi har ni sai da na yi ƙwalla."

"Maganar gida ce," in ji Malama.

Shirin ya yi kyau. Ƙungiyar ta cika alkawari. Aka yi wa shagon fenti, aka canja rufi, aka kawo kantocin ƙarfe miƙaƙƙu aka cire na katakon, aka bar guda ɗaya saboda masu ɗaukar hoto. Ango ya dawo da fara'arsa. Wanka a kan lokaci, aski a kan lokaci, gyambon ya warke. Ya riƙa yi wa tsohon barkwanci yana tura shi a hanya, maƙwabta na cewa samun suruki irin wannan sai an tona.

Malama ta shiga ɗakin ubanta a yammacin ranar taron, ta durƙusa ta ce, "Baba, ƙarya nake yi. Ka san ƙarya nake yi. Don su gani ne kawai." Yana ganinta hawaye suka ɓalle. Ta koma washegari da rantsuwa, ta koma da Tela ya ba shi haƙuri, ta koma ba ta ce komai ba ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Duk ɗaya ne. Yana cin abinci a hannun Ango, yana barin jikokinsa su hau masa cinya, har yakan yi musu rabin murmushinsa. Amma da inuwarta ta faɗo bakin ƙofa, ko ya ji takunta a baranda, sai fuskarsa ta narke, ya yi ta yi har numfashi ya gagare shi. Likita ya ce a rage abin da ke tayar masa da hankali. Ta daina shiga. Takan dafa abincinsa ta ba yara su kai, ta wanke kayansa ta ninke ta ajiye a bakin ƙofa. In za a fito da shi da safe, sai ta shige kicin har keken ya wuce.

Ango ya lura tun kafin kowa. Bai ce komai ba sai da aka kwana biyu, kallon shafin ya fara ja da baya, kuma ƙungiyar ta aiko tana tambayar sabon labari da za ta nuna wa masu ba ta gudummawa.

Ana cikin hutun tsakar rana a makaranta, tana gyaran takardun jarrabawa, wayarta ta yi ƙara. Ango ne.

"Malama, in kin tashi ki biyo ta shago."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Ba sai kin shigo ba ma. Ki tsaya a bakin ƙofa kawai, inda zai gan ki."

Ta ɗaga biro daga takardar. A can ɓangaren tana jin motsin littattafai, yana gyara wurin da zai soke wayar.

"Kina ji na?"

"Ina ji."

Ta ƙarasa takardar da ke gabanta, ta ba yaron makinsa, ta rufe biro. Da aka tashi ta saɓa jaka, ta sauka a bakin layin, ta wuce kemis, ta rage tafiya.